Sassanyan Kiɗa a Gidajen Rediyo: Dalilin Karɓuwarsa a Wata Ƙasa da Kasawarsa a Wata, da Misali daga Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Duk wanda ya lura da sha'anin rediyo a ƙasashen Turawa zai ga akwai waɗansu gidaje da ba su da aiki dare da rana sai sa waƙoƙi masu sanyi, babu wasan kwaikwayo, babu muhawara, labaru kuwa ba su wuce 'yan mintoci. Waɗansu daga cikin irin gidajen nan sun daɗe suna kan gaba wajen yawan masu sauraro a manyan birane, masu su kuma sun tara dukiya. A waɗansu wurare kuwa an gwada tsarin, bai yi ƙarko ba, aka bar shi. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana abin da ke kawo wannan bambanci, sa'an nan ta auna tsarin da zaman mutanen ƙasar Funtuwa da Malumfashi, watau yankin noma na kudancin Jihar Katsina.

Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, gidajen rediyo masu zaman kansu suna ta ƙaruwa a Arewa, wanda ya ɗauko tsarin wata ƙasa bai san abin da ke riƙe da shi ba kuwa, asarar dukiyarsa zai yi. Ta biyu, ita ce ta fi kusa da malamai: rediyo shi ne babban rumbun waƙoƙin baka na Hausa, abin da gidajen rediyo suka zaɓa su riƙa sawa shi yara za su tashi da shi, abin da suka bari kuwa yana iya ɓacewa.

Sunan abin da ma'anarsa

Ma'aikatan rediyo na Amurka suna kiran tsarin nan soft adult contemporary. Ma'anarsa ita ce waƙoƙin zamani masu laushi waɗanda a ke zaɓa domin manya. Ba mu fassara shi da kiɗan taushi ba, gama taushi a Hausa sunan ganga ne na makaɗan fada, har akwai sarautar Sarkin Taushi, sabo da haka sunan zai rikitar da mai karatu. Mun zaɓi mu ce sassanyan kiɗa, domin Bahaushe ya kan ce murya ta yi sanyi in ba ta da kaifi ko hayaniya.

Alamomin tsarin huɗu ne. Waƙoƙin ba su da sauri, ba su da amo mai firgitarwa, galibinsu na soyayya ne da bege. Sanannu ne, mai sauraro ya riga ya ji su shekara da shekaru, irin na su Lionel Richie da Whitney Houston da Phil Collins da Celine Dion. Mai gabatarwa ba ya yawan magana, in ya yi ma a hankali zai yi. Sa'an nan tsarin ba ya sakewa daga safe har dare, duk lokacin da mutum ya murɗa akwatinsa zai tarar da abin da ya bari. Waɗanda a ke nufi da shi su ne masu shekara 25 zuwa 54, musamman mata.

Asalinsa

Kafin zuwan talabijin, gidajen rediyon Amurka suna yin kome da kome ne kamar yadda namu ke yi: wasa, labaru, wa'azi, kiɗa. Cikin shekarun 1950 talabijin ya janye wasanni da manyan 'yan talla, sai rediyo ya nemi wata hanyar ci. Wani mai gidan rediyo a garin Omaha, Todd Storz, yana cikin waɗanda suka fara tsarin maimaita waƙoƙi 40 da suka fi farin jini, samari da 'yammata suka yi ca a kansa. Iyayensu kuwa ba su iya jure wa ƙarar ba, sai waɗansu gidaje suka ware musu kiɗa mai sauƙin ji. A 1961 mujallar Billboard ta fara jera irin waɗannan waƙoƙi daban da sunan Easy Listening, a 1979 ta mai da sunan Adult Contemporary.

Cikin shekarun 1980 tsarin ya kai ƙarfinsa. Gidan KOST na Los Angeles ya kama shi a 1982, gidan WLTW na New York, wanda a ke kira Lite FM, ya biyo a 1984, ya kuwa yi shekaru masu yawa yana cikin na gaba a wannan birni. A Ingila an buɗe Melody Radio a London a 1990, daga baya a 1998 ya koma Magic.

Ginshiƙan da ke riƙe da shi

In an bincika wuraren da tsarin ya yi nasara, za a ga yana tsaye ne a kan ginshiƙai biyar.

Na ɗaya, yawan gidajen rediyo a gari guda. A birnin da a ke kama gidaje da dama, ko wane ɗaya ya kan yanki rabonsa: wannan labaru, wancan wasanni, wancan kiɗan samari. Mai sassanyan kiɗa ba ya damuwa da labaru domin ya san maƙwabcinsa yana ba da su. Inda gidaje ba su wuce biyu ko uku ba, tilas ko wanne ya yi wa kowa hidima.

Na biyu, kasuwar talla mai awo. Abin da irin gidan nan ke sayarwa shi ne kunnuwan masu sauraronsa. Akwai kamfanin da ke ƙidaya su, ya faɗi yawansu da shekarunsu da tsawon lokacin da su ke saurare, masu sayar da motoci da kayan ɗaki da bankuna su biya gwargwadon wannan lissafi. Mace mai shekara 40 mai albashi, wadda ita ke sayen kayan gida, tana da tsada ƙwarai a wannan ciniki.

Na uku, irin aikin da mutane ke yi. Tsarin yana son mutumin da ke zaune a ofis ko kanti ko ɗakin jiran likita daga safe zuwa la'asar, ko wanda ke daɗewa cikin mota tsakanin gida da wurin aiki. A irin wuraren nan a kan nemi tashar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba, ba kuma za ta hana aiki ba. Da yawa daga masu jinta ba su ne suka zaɓe ta ba, sun dai yarda a bar ta. Ƙarfin tsarin yana cikin daɗewar sauraro: mutum ɗaya da ya bar akwati a kunne awa shida, a lissafi ya fi mutum goma da suka ji labaru na minti goma suka kashe.

Na huɗu, taskar waƙoƙi da tsara guda ta yi tarayya a kanta. Ana bukatar ɗaruruwan waƙoƙi waɗanda aka ɗauka da kyau a faifai, gajeru na minti uku ko huɗu, waɗanda kusan duk mai shekara 40 ya san su tun yana saurayi.

Na biyar, yardar jama'a. Sai in al'ada ba ta ganin aibu ga babba ya yini da waƙar soyayya a kusa da shi, ko a gaban 'ya'yansa da abokan aikinsa.

Inda ya kasa a ƙasarsa

Ko a Amurka ma tsarin ba kullum ya ke cin riba ba, dalilan faɗuwarsa kuwa suna ƙara nuna gaskiyar ginshiƙan nan. Babban ciwonsa tsufa ne. Waƙoƙin da ke jan mai shekara 40 a bana su za su ja shi bayan shekara 15, amma a lokacin ya wuce 54, masu talla sun daina biya dominsa. Haka ya faru ga tsarin da ya gabace shi, na kiɗan goge da piyano marar waƙa, wanda ya cika tashoshin FM a shekarun 1970. Masu jinsa ba su gudu ba, tsufa suka yi, cikin shekarun 1980 gidaje suka yi ta barinsa. In kuwa gida ya ce zai sabunta waƙoƙinsa domin ya jawo na baya, sai sanyin ya ragu, tsofaffin abokai su yi fushi.

Sauyin ma'auni ma ya kan kashe tsari. Da can kamfanin Arbitron littafi ya ke raba wa mutane su rubuta abin da suka saurara. Daga 2007 ya fara amfani da wata 'yar na'ura da mutum ke ratayawa, ita ke jin tashar da ke kusa da shi ta rubuta da kanta. Sai ga shi waɗansu gidaje da mutane ke yawan rubutawa don ƙauna ba a jinsu kamar yadda a ke zato. Gidajen sassanyan jaz suka faɗi, na New York ya bar tsarin a 2008. Gidajen waƙoƙin manya da a ke sawa a kantuna da ofisoshi kuwa na'urar ta taimake su, gama tana lissafa har wanda ya shigo sayayya. A 2016 wani gida a San Francisco ya komo da tsarin da sunan The Breeze, waɗansu birane suka kwaikwaya. Ashe ke nan kiɗan bai sake ba, abin da ke kewaye da shi ne ke sakewa.

Yadda rediyo ya tashi a Arewa

Tarihin rediyo a nan dabam ya ke. An fara shi da akwatunan da a ke ja wa waya daga tasha guda, aka kafa irin wannan a Kano a 1944, ana rataya lasifika a dandali mutane su taru su ji. BBC ta fara shirin Hausa a 1957. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka shigar da ɓangarensa na rediyo cikin hukumar rediyon tarayya a 1978. Tun daga farko aikin da aka ɗora wa rediyo shi ne wayar da kai: yaƙi da jahilci, tsabta, noma, siyasa, addini. Kiɗa fili guda ne cikin filaye, kamar Zaɓi Sonka, yana zaune tare da Jakar Magori da wasan Samanja. Da haka kunnen Bahaushe ya saba, rediyo wuri ne da a ke yi masa magana.

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ita ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe gidajen rediyo. Raypower ya fara a Ikko, watau Legas, a 1994. A can ne, cikin ƙarshen shekarun 2000, aka buɗe gidaje kamar Smooth da Classic domin manyan ma'aikata masu son kiɗa mai sanyi da tsofaffin waƙoƙi. Ba abin mamaki ba ne, gama Ikko tana da tashoshi barkatai, da hedikwatocin bankuna da kamfanoni, da cunkoson motoci da ke tsare mutum awa biyu a hanya. A Kano kuwa, da Freedom ya buɗe a ƙarshen 2003, abin da ya ɗaukaka shi magana ce: shirin In Da Ranka na labaran gari da koke-koken jama'a, da Kowane Gauta na 'yan siyasa. Gidajen Hausa da suka biyo baya galibi wannan hanya suka bi.

Auna tsarin da ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Funtuwa mahaɗa ce. Hanyar Zariya zuwa Gusau da Sakkwato ta ratsa ta, daga nan kuma hanya ta rabu ta bi Bakori da Malumfashi ta nufi Katsina. Layin dogo na Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya bi ta cikinta tun ƙarshen shekarun 1920, auduga ce kuwa ta kawo shi, ita ce kuma ta kawo injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe, daga nan noman masara da takin zamani ya yaɗu. Arzikin yankin yana cikin masara da dawa da waken suya da auduga, da tumatir da rake na wajen Danja, da manyan kasuwannin hatsi irin ta Dandume da ta Bakori. Bari mu ɗauki ginshiƙan nan ɗaya ɗaya mu gani.

Game da yawan tashoshi, muryar FM ba ta tafiya da nisa, iyakarta gwargwadon tsawon eriya da ƙarfin inji. Funtuwa ta fi kusa da Zariya a kan birnin Katsina, wanda ke da nisan wajen kilomita 200. Sabo da haka shekaru da yawa abin da manomin yankin ya dogara da shi shi ne Rediyon Kaduna da gidajen ƙetare a gajeren zango, da na jiha. Ko da tashoshi sun ƙaru, ba su kai yawan da zai sa ɗaya ta ce ta bar wa 'yar'uwarta labaru da wa'azi ita ta tsaya ga kiɗa ba.

Game da talla, a nan ne bambancin ya fi girma. Gidan rediyon Hausa lokaci ya ke sayarwa, ba ƙidayar kunnuwa ba. Ɗan siyasa ya sayi rabin awa, sojojin bakinsa su cika ta. Ƙungiyar addini ta sayi fili, mai maganin gargajiya ya sayi nasa, mai makaranta da dillalin taki da maganin feshi su ba da sanarwa. Ga kuma sanarwar ɗaurin aure da suna da rasuwa da cigiya. Duk waɗannan magana ce. Awar da aka cika da waƙa zalla awa ce da ba wanda ya saya, alhali injin wuta yana shan man dizal daidai da sauran awoyi. A Amurka arhar tsarin tana cikin abin da ke jawo masu gidaje gare shi, domin kwamfuta na iya jera waƙoƙi ba tare da ma'aikata da yawa ba. A nan kuwa babban kashin kuɗi yana wajen wuta ne, kwamfuta ba ta rage shi. Kuɗin yankin ma na lokaci ne, sai kaka ta yi a ke ganinsu, ko zaɓe ya matso.

Game da irin aiki, manomi da damina yana gona tun hantsi bai yi ba. In ya rataya rediyo a reshe, abin da ya ke so ya ji shi ne labarin ruwa da farashin taki da na buhun masara. Lokutan da ya fi ba rediyo hankalinsa su ne bayan sallar asuba, da tsakar rana, da bayan isha'i, lokutan labaru ke nan. Cikin 'yan shekarun nan rashin tsaro ya ƙara wa labaru daraja. An sace ɗaliban makarantar Ƙanƙara a Disamba 2020, a Satumba 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, na tsawon watanni. Wanda ke son ya san ko hanyar Faskari ko ta Sabuwa za ta biyu gobe ba zai zauna a tashar da ba ta faɗin kome ba.

Duk da haka akwai masu yini da rediyo a kunne: tela a kan kekensa, mai shayi, mai kanti, direban da ke jigilar hatsi, fiye da kowa kuma matan aure a cikin gidaje, suna girki suna ƙananan sana'o'i. Su ne suka fi kama da mutanen da tsarin ke nema. Amma mace a cikin gida abokin hira ta ke so daga rediyo, shi ya sa filayen mata da girke-girke da wasan kwaikwayo da karatun littattafan hikaya da gaishe-gaishe suka fi shiga ranta. Ma'aikaciyar ofis a New York tana cikin mutane ne tana neman abin da zai rufe mata hayaniya, ita kuwa wannan tana neman muryar mutane ne.

Game da yardar jama'a, an san matsayin kiɗa a wurin malamai abin saɓani ne tun da daɗewa, Jihar Katsina kuma ta kama aiki da shari'ar Musulunci a 2000. Ban da wannan ga kunya. Magidanci zai ji Shata a gaban kowa, amma ba zai so surukinsa ya tarar da shi yana jin waƙar bege ba. Wani abin lura kuma, gidajen sassanyan kiɗa na Amurka sun fi samun masu sauraro a ƙarshen shekara, sa'ad da su ke komawa waƙoƙin Kirsimeti zalla. A ƙasar Hausa watan da rediyo ya fi cika da masu saye da masu ji shi ne na azumi, abin da a ke saye kuwa tafsiri ne. Gidan da ya ɗaure kansa ga waƙa zai zauna hannu wofi a watan da 'yan'uwansa ke girbi.

Halin waƙar Hausa

Saura ginshiƙi na huɗu, watau taskar waƙoƙi, shi ne ya fi dacewa da nazarin wannan sashe. Taska kam akwai ta, yankin nan ma yana da babban rabo a ciki. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya yi zamansa a Funtuwa, ya rasu a 1999. Hajiya Barmani Coge ta kiɗan amada 'yar ƙasar Funtuwa ce, ta rasu a 2013. In kuwa sanyin amo a ke nema, ga kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ga gurmin Haruna Uji, ga kukumar Garba Sufa. Ban da na gida, kunnen Hausawa ya daɗe da sabawa da waƙoƙin finafinan Indiya na su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, da waƙoƙin Sudan. Daga fim ɗin Sangaya na 1999 zuwa yanzu kuma waƙoƙin soyayya na fiyano sun yi yawa, waɗanda suka ji su suna samari yau su ne masu shekara 40.

Amma fa akwai abubuwa uku da ke hana taskar nan shiga tsarin Turawa yadda ya ke. Na farko, waƙar baka ta Hausa magana ce da aka ɗora a kan kiɗa. Daɗinta yana cikin kirari da zambo da habaici da sunayen mutane da garuruwa, wanda bai kasa kunne ba bai ji kome ba. Tela ya kan tsai da keke in Shata ya zo wurin da ya ke so, ya maimaita wa na kusa da shi, a yi dariya. Waƙar da ke tsai da aiki kuwa ta saɓa wa manufar tsarin, wanda ke son waƙar da za ta wuce ba a lura ba. Na biyu, tsawo. Waƙar makaɗi tana iya kai minti 15 ko fiye, domin a dandali aka yi ta, ba don gefen faifai ba. Na uku, da yawan waƙoƙin nan an ɗauke su ne a wurin biki ko a tsofaffin kaset, an yi ta kwafa har murya ta dushe, in aka jera su da na zamani sai kunne ya ji tuntuɓe.

Har wa yau, tsarar ba ɗaya ba ce. Mai shekara 55 da ya tashi da kalangu da mai shekara 30 da ya tashi da fiyano ba su yi tarayya a waƙa ba, sau da yawa ma na farkon yana raina abin da na biyun ke so. Tashar da ta ce za ta haɗa su yini guda za ta rasa ɗaya.

Ga kuma wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001. A kasuwannin yankin akwai masu tura waƙoƙi a katin waya da kuɗi kaɗan. Wanda ke son waƙa mai sanyi ba tare da surutu ba ya riga ya same ta a aljihunsa, babu talla. Abin da katin ba ya iya ba shi shi ne labarin yau, da jin an ambaci sunansa da na garinsu.

Inda bukatar ta ke

Kada a ɗauka daga abin da ya gabata cewa mutanen yankin ba su son sassanyan kiɗa. Suna so, sai dai a lokacinsa, kuma haɗe da mutane. Shirin zaɓe, inda mai sauraro ke aiko da kati ko saƙon waya ya zaɓi waƙa ya gai da 'yan'uwa da abokai, ya daɗe ƙwarai, har masu yinsa suka kafa ƙungiyoyi a garuruwa suna ziyartar juna. A shirin nan waƙa da gaisuwa tare su ke tafiya, gidan rediyo kuma yana iya samun kuɗi daga katin. Haka nan filayen tsofaffin waƙoƙi da na dare, sa'ad da aiki ya ƙare gari ya yi shiru, suna da masoya na gaske.

Sabo da haka mai gidan rediyo a Funtuwa ko Malumfashi, in yana son ya amfana da dabarar Turawa, ba dukan tsarin zai ɗauko ba. Abin da zai ɗauka shi ne ladabinsa: ya san wa ya ke yi wa shiri a ko wace sa'a, ya tsai da fili a lokaci guda kullum har mutane su saba, ya zaɓi waƙoƙi da kula maimakon abin da hannu ya kai gare shi, mai gabatarwa kuma ya rage ihu. Awa biyu da hantsi domin matan gida da masu sana'a, da awa biyu bayan labarun dare, sun fi kusa da abin da ƙasar za ta iya ɗauka.

Kammalawa

Mun ga sassanyan kiɗa yana cin nasara inda tashoshi suka yi yawa, masu talla ke biya bisa ƙidaya, mutane ke yini a ofis da mota, tsara guda ta yi tarayya a waƙoƙi, al'ada kuma ta yarda. Ikko ta tara galibin waɗannan, ƙasar Funtuwa da Malumfashi kuwa ba ta tara su ba.

Akwai aiki biyu da ke jiran malamai da ɗalibansu. Na ɗaya, ɗaliban kwalejojin horon malamai suna iya zagaya unguwanni da ƙauyuka su rubuta wa ke jin me, a wane lokaci, a kuma wane wata na shekara. Aiki ne mai sauƙi, zai koya musu bincike, zai kuma ba masu gidajen rediyo abin da za su dogara da shi maimakon zato. Na biyu ya fi gaggawa. Tsofaffin faya-fayai da kaset da ke ɗakunan ajiya na gidajen rediyo da hannun iyalan makaɗa ba su jure zafi da ƙura da daɗewa. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su haɗa kai da gidajen nan a kwafe su a na'urorin zamani, a tsabtace muryar, a rubuta sunan mawaƙi da wanda aka yi wa waƙar da lokacin da aka yi ta, tun masu sanin waɗannan abubuwa suna raye. Allah ya sa a dace.